An Sallamo Baba

Jushi, Sabon Gari, Zariya
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Suhail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka sojoji. Umma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko man zafin da ta aika ya isa hannunka. Kawu Ameer ma yana gaisuwa.

Anti Clara, matar abokinka Kefas, ta ce in dai na kai mata takarda barikin Basawa kafin motar kayan abincinku ta tashi, za ta ba direba. Ta ce har yanzu ba a gyara turken sabis ɗin wajenku ba, shi ya sa ba ma samun ka a waya. Cikinta ya tsufa sosai, da ƙyar take tashi daga kujera, amma sai da ta zuba mini zoɓo.

Jikin Baba da sauƙi. Ciwon hantar nan ne ya sake tashi, aka kwantar da shi a asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa. Ni nake raka shi, saboda likitarsa, Dakta Onyinyechi, ba ta jin Hausa sosai, Turancin Baba kuma ka san na rumfar ɗinki ne. Ranar Alhamis aka sallamo shi. Likita ta ce babu wani sabon magani da za su ƙara, a ci gaba da ba shi wanda yake sha a gida. Yanzu yana kwance a ɗakinsa, an jawo masa katifa kusa da taga.

Makaranta lafiya. Kullum ina hawa bas zuwa Samaru, jarrabawar fita kuma ta matso. Malama Omolara ta ba mu aikin gida a kan kalmomin Turanci masu nufin magana kai tsaye. Da na ɗauka duk abu ɗaya ne, ashe ba haka ba ne. Ta ce "plain" magana ce da ba a yi mata ado ba. "Frank" kuma shi ne ka faɗa wa mutum abin da ba zai so ji ba, don kana ganin zai iya ɗauka. "Blunt" shi ne ka faɗa, ba ruwanka da inda maganar ta doki mutum. Akwai "explicit" da "candid", su ban gama gane su ba tukuna.

Na karanta wa Baba. Ya ce, "Wannan filen ɗin ai mun san shi, yadin da ba zane ke nan. Ba kowa ke saye ba, don ɗinki in ya karkace a kansa ba ya ɓoyuwa." Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ka kula da kanka, Yaya.

Ƙanwarka,
Barakatu

*

Daga bakin aiki

Baraka 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, man zafi ma ya iso, sai dai rabinsa ya ƙare a gwiwar direba. Ina lafiya ƙalau. Ki gai da Umma da Kawu, ki durƙusa ki gai da Baba.

Wallahi da na karanta an sallamo Baba, sai da na yi sujada a kan yashi. Tun da Kefas ya ce mini matarsa ta ji yana asibiti ban ci abincin kirki ba. Ba sabon magani, ya koma gida, har yana dariya. Alhamdulillahi! Tsohon nan da taurin rai yake.

Ga wani abu da na yi, ki gaya wa Umma kada ta ji haushi. A nan fas, wato izinin zuwa gida, bi da bi ake bayarwa, ba a barin mutum biyu su tafi tare daga rukuninmu. Layina ne ya zo, na Kefas sai bayan Babbar Sallah. Tun da Baba ya samu sauƙi, na je wurin oga na ce a musanya mana. Mutumin nan haihuwar fari ce, kin gan shi kuwa? Ƙato guda, amma da na gaya masa sai ya zauna a kan buhun shinkafa yana share ido. Ni sai in zo bayan Sallah, lokacin Baba ya koma rumfa, in same shi yana faɗa da masu kawo ɗinki a makare.

Ki ce masa ya yanka mini kaftani, ruwan toka. Na san zai ce soja me zai yi da kaftani. Har yau bai taɓa ce mini komai a kan aikin nan ba, tun ranar da na ajiye masa almakashi na tafi. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. In na zo dai za mu zauna.

Kalmominki kuwa, duk sajan ɗinmu ya haɗa su a baki ɗaya, amma na ukun ya fi yawa. Ki dage da karatu.

Yayanki,
Suhail

*

Jushi, Sabon Gari
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Suhail,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mun ga takardarka a hannun Kefas da kansa. Anti Clara ta sauka lafiya, an samu mace, za su sa mata Marvellous. Ya zo har gida ya gai da Baba, ya daɗe tsugune a bakin ƙofa.

Umma tana zaune kusa da ni tana tsinke zogale. Ta ce idan na gama in karanta mata.

Ta ce in gaya maka abin da ka yi wa Kefas alheri ne, Allah ya ba ka lada. Ni ma haka na ce.

Jikin Baba da sauƙi, alhamdulillahi. Ba ya cin tuwo yanzu, sai kunu, shi ma cokali kaɗan. A zaune yake salla. Ya ba Kawu Ameer makullin rumfa, ya ce ya mayar wa mutane yadinsu su kai wani wuri. An kawo keken ɗinkinsa gida, yana nan a tsakar gida an rufe shi da zane.

Maganar kaftani na gaya masa. Bai ce soja me zai yi da kaftani ba. Ya aiki Kawu kasuwa ya sayo yadin, ya sa na shimfiɗa masa a kan katifa, ya zana da alli, ya yanka. Bai nemi awonka ba, ya ce yana kansa. Sai da ya huta sau da yawa kafin ya gama yanka gaba da baya.

Yana yawan tambaya yaushe ne Sallah.

Yaya, idan da hali ka zo kafin lokacin, ka zo. Ba don komai ba, mun dai yi kewarka.

Na gane "explicit" yanzu. Malama Omolara ta ce shi ne a faɗi abu duka, kada a bar wa mai sauraro gurbin da zai cike da kansa. Ta ce mutum in aka bar masa gurbi, abin da yake so ya ji shi yake zubawa a ciki. Na rubuta wannan a bayan littafina. Ta tambaye ni me ya sa na daina ɗaga hannu a aji, na ce ba komai.

Umma ta ce ka riƙa addu'a kafin ka fita sintiri, kuma kada ka sa tunanin gida a ranka.

Ƙanwarka,
Barakatu

*

Daga bakin aiki

Barakatu,

Salam. Ina lafiya.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Kin ce da sauƙi. Sannan kin ce Baba ya ba da makullin rumfa. Mutumin da ko ranar sunanki sai da ya leƙa rumfar nan kafin a raɗa suna? Kin ce a zaune yake salla. Wane irin sauƙi ne wannan?

Na je wurin oga na roƙi fas na gaggawa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ni da bakina na ce mahaifina ya warke, na ba da layina, yanzu kuma mutum ɗaya ba ya nan. Ya ce me nake da shi a hannu? Na miƙa masa takardarki. Ba ya jin Hausa, sai ya kira wani kofur ɗan Kafanchan ya fassara masa. Kofur ya karanta ya ce, "Oga, sun ce yana samun sauƙi, kewarsa kawai suke yi." Ban ga laifinsa ba, abin da ke rubuce ke nan.

Oga ya ce shi ma yana da uba. Amma ba zai iya aika wa manyansa kewa a matsayin dalili ba. Yana son takarda da Turanci, daga gida, da ta likita in da hali, wadda ta faɗi halin da ake ciki ƙarara.

Baraka, ke kika shiga wurin likita. Ke kaɗai kika ji abin da ta ce da bakinta. Na san Umma, na san abin da take tsoro, kuma na san gidanmu: Kaka tana numfashin ƙarshe ana ce wa masu dubiya da sauƙi. A lokacin ni ma haka na riƙa cewa. Amma ina nan inda ba na ganin fuskar kowa, ba na jin muryar kowa. Takardarki ce kawai idona.

Kada ki gaishe ni a amsar. Ki gaya mini abin da likita ta ce.

Suhail

*

Jushi, Sabon Gari
Ranar Talata

Yaya,

Ka ce kada in gaishe ka, to ban gaishe ka ba.

Ranar da aka sallamo Baba, Dakta Onyinyechi ta kira ni baranda. Ta tambayi shekaruna, ta tambaya ko akwai babba namiji a kusa. Na ce Yayana soja ne, yana nesa. Sai ta ce, "Can I be frank with you?" Na ce e. Ta ce ciwon ya cinye hantar, ya wuce inda magani ke kaiwa. Ta ce sallamar ba ta warkewa ba ce, don ya kwanta cikin iyalinsa ne. Na ce har yaushe? Ta ce Allah ne ya sani, amma a ganinta makonni ne, ba watanni ba.

A cikin Keke Napep na gaya wa Umma, Baba yana barci a kafaɗarta. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi ta ce, "Likita ba Allah ba ce. Ba a yi wa mai rai wannan bakin. Kuma kada ki kuskura ki rubuta wa Suhail. Soja in hankalinsa ya rabu biyu, gawarsa ake kawowa. Kina so in rasa biyu?" Na ce a'a. Ta ce in yi mata alkawari, na yi.

Duk abin da na rubuta maka a takarda ta farko ya faru. Na zaɓi wanda zan faɗa ne kawai, na bar maka sauran. Da na ga ka ba da layinka, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Da takardarka ta zo, na zauna na rubuta wa oganka. Na ce mahaifinmu ba shi da lafiya sosai amma muna sa rai. Na kai wa Malama Omolara bayan an tashi, na ce ta duba mini kuskure. Ta karanta ta ce, "Babu kuskure ko ɗaya, Barakatu. Amma in ni ce ogan, zan ce Allah ya ƙara sauƙi in ajiye ta a aljihun tebur." Ta ce me likita ta ce? Na karɓi takardata na ninke. Ba ta matsa mini ba. Ta raka ni har bakin titi ta tsayar mini da bas.

Ban san yadda zan yi da alkawarin Umma ba. Baba ne ya raba ni da shi.

Jiya da la'asar Umma ta shiga maƙwabta karɓo garwashi. Ina ba shi kunu, sai ya ture cokalin ya ce, "Baraka, ranar nan likita ta daɗe da ke a baranda. Da kika dawo, fassarar da kika yi mini ba ta kai tsawon atishawa ba. Ina sauran?"

Na ce, "Baba, ta ce a ci gaba da magani."

Ya ce, "Shekara nawa ina yanka yadi? In an rage mini kamu ɗaya ina sani. Wanne ne cikin kalmomin naki, wanda ba a yi masa ado ba?"

Na ce, "Filen."

Ya ce, "To ba ni shi."

Na gaya masa, Yaya. Kaina a ƙasa na gaya masa duka. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ai na sani. Ina ganin uwarku tana ɓoye mini, ni ma sai nake ɓoye mata na sani, kada ta ji ba ta iya ba." Ya ce Suhail fa? Na ce ka ba da layinka don ka ɗauka ya warke. Ya rufe ido. Wannan ya fi masa zafi a kan maganar likita, na gani a fuskarsa.

Da Umma ta dawo ya ce mata, "Hafsatu, zauna. Yaron nan namiji ne, bindiga yake riƙewa. In kin ɓoye masa ya zo ya tarar da ƙasa, wannan ne zai raba masa hankali har ya mutu." Umma ta ajiye kaskon garwashin ta fita. Tun jiya ba ta yi mini magana ba, amma da safe na ga ta ajiye biro da takarda a kan tabarmata.

Ga takardar ogan na haɗa, da ta likita, Kawu ya karɓo yau. Na daɗe ina zaɓen kalmomi. Ban so ta zama "blunt" ba, don kai ma za ka karanta. Amma na cire duk wani "amma" da "muna fata". Abin da ya rage ke nan: "Sir, our father is dying. The doctor says he has weeks, not months. He is asking for his son." A layin farko za ka ga biron ya huda takardar.

Motar kayan abinci ba za ta tashi yanzu ba. Kefas ya ce ba zai jira ta ba, ba zai ma jira hutunsa ya cika ba. Gobe zai kama hanya da kansa. Anti Clara ce ta haɗa masa jaka.

Malama ta ce "candid" shi ne gaskiyar da mutum ke faɗa ko da shi ta kayar. Ita ce ta ƙarshe a jerin, ita ce kuma ta fi wuya. Ka yafe mini.

Barakatu

*

Daga bakin aiki

Baraka,

Kefas ya iso. Oga ya karanta a tsaye, ya sa hannu a tsaye, bai tambaye ni komai ba.

Sai dai ba a fita daga nan mutum ɗaya. Ruwa ya cinye wani sashe na hanya, dole in jira ayarin motoci mai rakiya. Wannan takardar na ba wani da za a fitar a jirgin marasa lafiya, za ta riga ni. Da na isa inda akwai sabis zan kira wayar Kawu. Motar za ta sauke mu a Basawa.

Babu abin da zan yafe miki. Kin rubuta mini ba sabon magani, ni na karanta abin da nake so.

Ki ce wa Baba ina hanya. Ki ce masa kada ya wahalar da kansa da kaftanin nan.

Yayanki

*

Jushi, Sabon Gari
Ranar Asabar

Yaya Suhail,

Anti Clara za ta ba ka wannan da ka sauka a Basawa. Na roƙe ta ta sa ka zauna tukuna, ta ba ka ruwa.

Ina tsakar gida ɗazu da ka kira Kawu. Na ji ya ce maka, "Da sauƙi, ka dai taho." Na miƙa hannu a ba ni wayar, ya juya mini baya. Ba mugunta ba ce, ya ce haka ake yi wa matafiyi, sai ya shigo gida ya ga tabarmi a ƙofa ya gane da kansa. Ni ba na so ka gane daga tabarmi, a gaban mutanen unguwa, da jaka a kafaɗa.

Baba ya rasu jiya Juma'a da hantsi. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, an kai shi. Bai sha wahala sosai a ƙarshe ba. Umma tana riƙe da kansa, ni ina wajen ƙafafunsa. Ya yi kalmar shahada.

Takardarka ta same shi da rai. Na karanta masa, ya sa na maimaita wurin da ka ce kana hanya. Sannan ya ce in ɗauko biro in rubuta abin da zai faɗa yadda ya faɗe shi, kada in gyara. Ga shi:

"Suhail, ranar da ka tafi na ji haushi, don na so ka gaji rumfa. Haushin bai kai Sallar waccan shekarar ba ya wuce, girman kai ne ya hana ni faɗa. Na yarda da aikinka. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka. Ka riƙe uwarka da ƙanwarka."

Na ce, "Baba, shi ke nan?" Ya ce, "Akwai gurbin da na bari?" Na ce babu.

Kaftanin bai gama ba. Ya sa an shigo masa da keken, Kawu yana taka masa shi yana riƙe da yadin, suka haɗa jiki da hannun dama. Hannun hagu yana nan a yanke, da zanen allinsa a jiki. Kawu ya ce zai kai wa wani tela ya ƙarasa, Umma ta ce kada wanda ya taɓa shi sai ka zo.

Umma ta san na rubuta wannan. Na karanta mata tun daga farko har nan. Ba ta ce in cire komai ba. Ta ce in ƙara maka cewa ka wanke fuskarka a gidan Kefas kafin ka taho, kuma ka shigo ta ƙofar baya, tana ɗakin Baba tana jiranka.

Ƙanwarka,
Barakatu